Kutsen Notepad++: Shin manhajar rubutu ta kyauta abin amincewa ce?

Tun da labari ya fito a farkon watan Fabrairun 2026 cewa masu kutse sun shafe watanni suna amfani da hanyar sabunta Notepad++, wata manhajar rubutu ta kyauta, wajen tura wa wasu mutane muguwar manhaja, tambaya ɗaya ce ke yawo a bakin ɗalibai da masu shagunan kwamfuta: a goge ta ne, ko a ci gaba da aiki da ita? Wasu ma sun riga sun yanke hukunci, suna cewa dama araha ba ta ado, duk abin da aka ba ka kyauta akwai lauje cikin naɗi. Wasu kuma ko a jikinsu, don a ganinsu manhajar da ba ta wuce allon rubutu ba wace ɓarna za ta iya yi?

Duka ɓangarorin biyu sun kauce. Kafin a gane dalili, sai an san mece ce wannan manhaja, me ake nufi da "kyauta", sannan ta wace ƙofa ɓarawon ya shigo.

Mece ce manhajar rubutu zalla?

Mutane da yawa suna haɗa ta da Microsoft Word, alhali aikinsu ba ɗaya ba ne. Word na shirya takarda ne don a buga ko a karanta: girman haruffa, launi, tebur, hoto, lambar shafi. Idan ka adana fayil ɗin Word, abin da ke ciki ba kalmominka kaɗai ba ne, ƙunshi ne na fayiloli da yawa a matse, waɗanda ke bayanin yadda shafin zai fito. Ita kuwa manhajar rubutu zalla, haruffan da ka buga su kaɗai take adanawa. Shi ya sa masu rubuta manhajoji da masu gina shafukan intanet ba sa rabuwa da ita, domin kwamfuta ba ta fahimtar umarnin da aka cakuɗa da ado. Amma ba su kaɗai ke amfana ba. Mai fassara, da mai gyara rubutun da ke fitowa a ƙasan bidiyo, da malamin da ke tsaftace jerin sunayen ɗalibai, da marubucin da ke son rubutunsa ya buɗu a kowace na'ura bayan shekara ashirin, duk suna da rabo a ciki.

Kowace kwamfuta na zuwa da irinta. Windows na da Notepad, Mac na da TextEdit, nau'ukan Linux kuma kowanne da tasa. Notepad++ dabam ce da Notepad duk da kamancen suna, kuma ba ta Microsoft ba ce. Wani injiniya mazaunin Faransa mai suna Don Ho ne ya fito da ita a watan Nuwamban 2003, ya rubuta ta da harshen C++, kuma don Windows kaɗai aka yi ta. Abin da ya sa ta karɓu shi ne rashin nauyi, da iya buɗe fayiloli da yawa a lokaci guda, da nemo kalma a musanya ta a cikin fayiloli ɗari da dannawa ɗaya.

"Kyauta" ba iri ɗaya ba ce

A nan ne rashin fahimta ya fi yawa, kuma ina ganin laifin yadda muka saba samun manhajoji ne. Wanda ya sayi kwamfuta ta hannu a kasuwa, yawanci yakan tarar an riga an cika ta da Office da Photoshop da CorelDraw waɗanda aka fasa makullinsu. Bai biya ko sisi a kansu ba, don haka a wajensa waɗannan ma "kyauta" ne. Ba kyauta ba ne, kayan sata ne, kuma wanda ya fasa makullin yana iya cusa duk abin da ya ga dama a ciki.

Akwai kuma wadda ake ba ka ɗanɗano. Manhajar rubutu ta Sublime Text misali ce: za ka sauke, ka yi aiki da ita, amma lokaci-lokaci tana tuna maka cewa ci gaba da amfani na buƙatar sayen lasisi. Akwai wadda ba a karɓar kuɗi a kanta, amma kamfanin ya rufe asalin rubutun da aka gina ta da shi, ba mai ganin cikinta sai shi.

Sai nau'in da Notepad++ ke ciki, wanda ya fi dacewa a kira shi manhaja mai 'yanci. Tushen wannan tunani yana komawa ga Richard Stallman, wanda ya kafa shirin GNU na gina manhajoji masu 'yanci a 1983 a Amurka, ya kuma fitar da lasisin GPL a 1989. Sharaɗin lasisin shi ne kowa na da damar ya yi aiki da manhajar, ya duba yadda aka gina ta, ya gyara, ya kuma raba wa wasu, muddin bai hana na gaba da shi wannan damar ba. Ma'ana, idan ka kwafa wa abokinka Notepad++ a fulashi, ba ka karya dokar kowa ba. Ma'ana ta biyu, wadda na fi so mai karatu ya riƙe: manhaja irin wannan ba ta da makulli, don haka ba ta buƙatar a fasa ta. Duk shafin da ya ce maka ga Notepad++ "cikakkiya" tare da lambar buɗewa, to tarko ya ɗana maka.

Visual Studio Code, wata manhajar rubutu da Microsoft ya fitar a 2015, tana tsaka-tsaki. Asalin rubutunta a buɗe yake, amma wadda ake saukewa daga shafin Microsoft tana ƙarƙashin lasisin kamfanin, kuma tana aika masa bayanan yadda ake amfani da ita sai idan ka kashe hakan. Waɗanda ba su gamsu ba suka haɗa VSCodium daga wannan tushen, ba tare da aiken bayanan ba.

To da me masu yin ta suke ci? Yawanci da gudummawa, ko da wani aikin dabam. Bram Moolenaar, ɗan ƙasar Holan da ya fito da manhajar rubutu ta Vim a 1991, ya shafe shekaru yana roƙon masu amfani da ita su taimaka wa marayu da yara mabuƙata a Yuganda maimakon su ba shi kuɗi, har ya rasu a watan Agustan 2023. Duk lokacin da na ji an ce ba mai yin abu don Allah a harkar fasaha, shi nake tunawa.

Ta ina ɓarawon ya shigo?

Bisa bayanin da Don Ho ya wallafa ranar 2 ga Fabrairun 2026, ba asalin rubutun Notepad++ aka taɓa ba. Kamfanin da ke ɗauke da shafin manhajar aka kutsa wa, tun daga watan Yunin 2025, kuma masu kutsen ba su rasa hanyar shiga gaba ɗaya ba sai farkon Disamba.

Ga yadda abin yake. Notepad++ na zuwa da wani ɗan aike mai suna WinGUp, wanda aikinsa shi ne ya je shafin manhajar ya tambaya ko an fitar da sabuwa. Shafin zai ba shi amsa, ya kuma nuna masa inda zai ɗauko. Da masu kutsen suka samu gindin zama a wajen mai ɗauke da shafin, sai suka riƙa tare ɗan aiken wasu zaɓaɓɓun mutane, suna nuna masa wani waje dabam. Shi kuma a tsofaffin nau'ukan ba ya tantance hatimin abin da aka miƙo masa yadda ya kamata, sai ya karɓo ya kawo gida. Kamar ka aiki yaro kanti ne, wani ya tsaya a bakin ƙofa sanye da rigar masu kantin ya miƙa masa kaya.

Abu biyu ya kamata a lura da su. Na farko, ba kowa aka yi wa ba. Harin na zaɓe ne, irin na leƙen asiri, kuma masu bincike da dama sun danganta shi da wata ƙungiya da ake zargin tana da goyon bayan gwamnatin Sin. Ɗalibin da ke koyon HTML, harshen gina shafukan intanet, a ɗakinsa da wuya a ce shi ake nema. Na biyu, an toshe ƙofar: daga nau'i na 8.8.9 da ya fito a Disambar 2025, ɗan aiken yana duba sa hannu da takardar shaidar fayil kafin ya girka, an kuma mayar da shafin wajen wani kamfanin.

Masu sukar manhajoji masu 'yanci suna da hujja a nan, kuma ba zan rage mata ƙarfi ba. Manhajar da miliyoyin mutane ke amfani da ita, har da ma'aikatun gwamnati da manyan kamfanoni, ta dogara ne da mutum ɗaya da 'yan sa kai, kuma tantance hatimi abu ne da ya kamata a ce an yi shi tun da daɗewa. Wannan ma ba shi ne karon farko da aka yi sha'awar ta ba: a watan Maris na 2017, takardun da shafin tonon asiri na WikiLeaks ya fallasa sun nuna hukumar CIA ta Amurka ta tanadi hanyar musanya wani ɓangare na Notepad++ da nata, abin da ya sa aka fitar da gyara cikin gaggawa. Sai dai cewa tsada ce ke kawo tsaro ba gaskiya ba ne. A 2020 an gano cewa ta hanyar sabuntawa aka kutsa wa abokan cinikin kamfanin SolarWinds, wanda ake sayen manhajarsa da kuɗi masu yawa, har da ma'aikatun gwamnatin Amurka. Hanyar sabuntawa abin hari ce a kowace manhaja, ta kuɗi ko ta kyauta.

Amsar tambayar farko ke nan: ba sai ka goge ba. Idan taka tsohuwa ce, je ka shafin da kanka, ka sauke sabuwa, ka girka a kan tsohuwar.

Inda talaka ya fi zamewa: wajen saukewa

Gaskiyar magana, haɗarin da ya fi kusa da mu ba na 'yan leƙen asiri ba ne. Mutum ne zai rubuta sunan manhajar a Google, ya danna abin da ya fara fitowa, alhali na farkon sau da yawa talla ce da wani ya biya aka ɗora. A watan Oktoban 2023 kamfanin tsaro na Malwarebytes ya bayyana yadda aka yi amfani da tallace-tallacen Google masu kwaikwayon Notepad++ wajen rarraba muguwar manhaja. Shafin gaskiya ɗaya ne, notepad-plus-plus.org, kuma ya fi kyau ka buga shi da hannunka a saman burauza.

A shafin saukewa za ka ga zaɓi. Yawancin kwamfutocin yanzu 64-bit ne, tsofaffi ƙalilan ne 32-bit, akwai kuma ARM64 na wasu sababbin laftof. Idan ba ka san taka ba, shiga Settings, sannan System, sannan About, a rubuce yake. Fayil ɗin bai kai megabait 10 ba, don haka ko datarka ta kusa ƙarewa zai sauka. Idan ka danna shi, Windows zai tambaye ka ko ka yarda ya yi canji a kwamfutar. Wannan tambayar ba ta ado ba ce, domin amsa "eh" na nufin ka ba fayil ɗin ikon mai gida. Idan ba ka tabbatar da inda ya fito ba, a nan ne ya kamata ka tsaya. Bayan haka sauran matakan ba su da wuya: zaɓen harshe, amincewa da lasisi, wajen ajiyewa. Babu inda za a nemi lambar waya, ko katin banki, ko a ce ka kashe manhajar kariya. Idan an nema, ba ita ba ce.

Mai son ƙarin tabbaci yana iya gwada zanen yatsan fayil. Ana wallafa wata doguwar lamba mai suna SHA-256 tare da kowace fitowa. Ka buɗe PowerShell, allon buga umarni na Windows, ka rubuta Get-FileHash da sunan fayil ɗin, ka kwatanta abin da ya fito da wanda aka wallafa. Ko harafi ɗaya ya bambanta, fayil ɗin ba shi ba ne. Wanda kuma ya saba da wannan allon umarni yana iya rubuta winget install Notepad++.Notepad++ ya huta da neman shafi.

Akwai nau'in da ba a girkawa, wanda ke zuwa a matse cikin fayil ɗin zip. Ka warware shi a fulashi, ka danna notepad++.exe, shi ke nan. Yana da amfani ga wanda ke aiki a kwamfutar makaranta ko ta ofis inda ba shi da izinin girka komai, amma fulashin da ke yawo daga shago zuwa shago shi ma ɗan aiken cuta ne, kuma wannan nau'in sai ka riƙa sabunta shi da kanka.

Masu Linux sun fi kowa sauƙi, domin manhajojinsu daga rumbun da masu tsarin ke kula da shi suke fitowa. A Ubuntu ko Debian, buga umarnin sudo apt install geany ko sudo apt install kate ya wadatar don samun Geany ko Kate, manhajojin rubutu irin Notepad++. Masu Mac su sani babu Notepad++ ta hukuma a wajensu. CotEditor na nan kyauta, TextEdit kuma sai an shiga Format an zaɓi Make Plain Text kafin ta adana rubutu zalla.

Ƙ, ɗ, ɓ: abin da ya fi shafar mai rubuta Hausa

Wannan shi ne ɓangaren da ya sa na damu da batun tun asali. Kwanakin baya ƙanwata ta kawo mini laftof ɗinta ranta a ɓace. Ta yi makonni tana buga hirarrakin da ta naɗa da tsofaffi don aikinta na kammala digiri, ta kai wani shago aka taɓa fayil ɗin, ya dawo a hargitse. "Yaya, duba ka gani, duk ya lalace," ta ce. Inda ta rubuta "ƙasa" sai ga "Æ™asa", inda ta rubuta "ɗaki" sai ga "É—aki".

Bai lalace ba. Kwamfuta ba ta san harafi ba, lamba ta sani, kuma akwai tsare-tsare dabam-dabam na wace lamba ce ke wakiltar wane harafi. Tsohon tsarin Windows na Yammacin Turai, wanda manhajoji ke kira ANSI, gurbi 256 kaɗai gare shi, kuma babu ƙ, ɗ, ɓ ko ƴ a ciki. Tsarin UTF-8 kuwa ya ɗauke su duka, yana ba kowanne daga cikin waɗannan haruffa bait biyu, wato lambobi biyu, maimakon ɗaya. Idan aka rubuta fayil da UTF-8 sannan aka karanta shi da ANSI, sai bait biyun nan su fito a matsayin baƙaƙe biyu marasa ma'ana. Abin da ya samu fayil ɗinta ke nan. Na buɗe shi a Notepad++, na shiga Encoding, na danna UTF-8 da ke sama, nan take haruffanta suka dawo.

A kula sosai a nan, domin a jerin akwai abu biyu masu kama da juna. Na sama, UTF-8 kawai, yana cewa ne "sake karanta fayil ɗin da wannan idon". Na ƙasa, Convert to UTF-8, yana cewa ne "ɗauki abin da ke kan allo yadda yake ka mayar da shi". Idan ka danna na ƙasa alhali shirme ne a kan allo, ka kuma adana, to ka tabbatar da shirmen ke nan. Mafi muni shi ne a adana rubutun Hausa da ANSI: haruffa masu lanƙwasa sukan koma alamar tambaya, kuma wannan ba shi da magani sai dai a sake bi ɗaya bayan ɗaya. Ga wanda ke ganin lanƙwasa ƙaramin abu ne, ya tuna tazarar da ke tsakanin ƙasa da kasa, ko baƙi da baki, ko ɓata da bata.

Notepad na Windows ma ya koma adanawa da UTF-8 kai tsaye tun 2019, amma tsofaffin kwamfutoci na nan da yawa a hannun mutane. Don haka da zarar ka girka Notepad++, duba ƙasan allo ta dama, inda take nuna tsarin fayil ɗin da ke buɗe. Idan jerin sunaye kake shiryawa a fayil ɗin CSV, wato tebur a sigar rubutu zalla, don a buɗe da Excel, zaɓi UTF-8-BOM, domin wannan 'yar alamar da ke farkon fayil ita ke sanar da Excel yadda zai karanta. Idan kuma ɗan akwati kake gani a madadin harafi, fayil ɗin lafiyarsa lau, salon haruffan ne ba shi da shi, sai ka canza zuwa dangin Noto ko DejaVu ta Settings, sannan Style Configurator. Buga haruffan kuwa ba aikin manhajar ba ne, na Windows ne, kuma yana da allon bugun Hausa a cikin saitunan harshe.

Idan aka ɗauke wuta

Mai aiki da kwamfutar tebur ba tare da batirin ko-ta-kwana ba ya san zafin rubutun awa guda ya tafi cikin ƙiftawar ido. Notepad++ tana ajiye kwafin abin da ba ka adana ba duk bayan daƙiƙa 7, don haka idan wuta ta dawo ka buɗe ta, yawanci za ka tarar da shafukanka yadda ka bar su. Wannan alheri ne, amma ya koya wa mutane mugun hali. Na ga wanda ke da shafuka fiye da talatin a buɗe, daga new 1, sunan wucin gadi da manhajar ke ba sabon shafi, har zuwa sama, babu ko ɗaya mai suna, ciki har da lissafin bashin da yake bin mutane. Kwafin nan yana zaune ne a wani ɓoyayyen waje cikin AppData, ma'ajiyar bayanan manhajoji ta Windows, kuma ranar da aka kai kwamfutar gyara aka sake mata Windows, da shi za a tafi. A kwamfutar haya kuma matsalar ta juya: wanda ya zauna bayanka zai buɗe manhajar ya ga abin da ka rubuta, sai idan ka rufe kowane shafi da kanka.

Wa ke buƙatarta, wa kuma zai iya haƙura?

Wanda buƙatarsa ba ta wuce ajiye lambar waya ko ɗan gajeren bayani ba, Notepad na Windows 11 ya ishe shi, tunda yanzu yana buɗe shafuka da yawa, yana kuma tuna abin da ba a adana ba. Wanda ya saba da WordPad ya sani Microsoft ya cire shi daga Windows 11 a sabuntawar 24H2 ta 2024, kuma manhajar rubutu zalla ba za ta maye gurbinsa ba idan takarda mai ado ake so, sai dai LibreOffice, wadda ita ma mai 'yanci ce. Ɗalibin da ya ɗauki rubuta manhaja da gaske zai ƙare a Visual Studio Code, amma ta fi nauyi nesa ba kusa ba, ta kuma daina aiki da Windows 7 a sababbin nau'ukanta tun 2022. A laftof mai RAM gigabait 4 da tsohon faifai, Notepad++ ko Geany za su buɗe kafin ita ta gama miƙewa.

Sai a yi hattara da tsofaffin darussan bidiyo da ke cewa a girka manhajar rubutu ta Atom. Kamfanin GitHub da ya yi ta ya rufe aikinta tun 15 ga Disambar 2022, ba mai toshe mata ɓaraka yanzu. Haka nan masu Windows 10 su tuna cewa tallafinsa na yau da kullum ya ƙare ranar 14 ga Oktoban 2025. Notepad++ za ta ci gaba da buɗewa a kansa, amma sabunta ta ba zai toshe ramukan da ke jikin Windows ɗin kansa ba, kuma a irin wannan kwamfutar ne saukewa daga shafin da ba ka sani ba ya fi haɗari.